A Auna Gishiri Kamar Yadda Ake Auna Tuwo

A shekarar 2025 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin rage cin gishiri a ƙasar nan, da nufin a rage kashi 30 cikin 100 na abin da jama'a ke ci nan da shekarar 2030. Wannan mataki ya zo daidai lokacin da wata ɗabi'a ke ƙara yaɗuwa a birane, musamman a tsakanin ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da waɗanda likita ya umurta su rage ƙiba, watau ƙidayar kalori. Mutum zai auna tuwonsa, ya lissafa lomarsa, wani ma har ya rubuta komai a wayarsa ta hannu, don kada ya wuce adadin da ya ɗibar wa kansa a yini. Babu shakka abin yabo ne mutum ya kula da yawan abin da yake ci. Amma lalle ne a faɗakar da jama'a cewa wanda ya ƙidaya kalori ya manta da abubuwa uku, watau furotin da harza da gishiri, to, yana iya ramewa alhali cuta tana nan tana binsa.

Kalori dai ma'auni ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna man fetur da lita. Wani masani ɗan ƙasar Amurka mai suna Wilbur Atwater ne ya daidaita lissafin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da lissafinsa ake aiki: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9. A shekarar 1918 wata likita a can Amurka, Lulu Hunt Peters, ta wallafa littafin da ya sa talakawan ƙasar suka rungumi ƙidayar don rage jiki. A ƙiyasi na gama-gari, mace baliga tana bukatar kimanin kalori 2,000 a yini, namiji kuma kimanin 2,500, gwargwadon girman jiki da shekaru da nauyin aikin da ake yi. Wanda ya rage kimanin 500 kowace rana yakan sauke kusan rabin kilo a mako, a farkon al'amari.

Lissafin daidai ne, sai dai gajere ne, domin ya faɗi yawan ƙarfin da ke cikin abinci, bai faɗi abin da abincin zai yi wa jiki ba. Alal misali, giram 100 na farar shinkafa ɗanya yana ɗauke da kalori kusan 360, da furotin giram 7, da harza kamar giram 1. Giram 100 na busasshen wake kuwa yana ɗauke da kalori kusan 340, da furotin giram 23, da harza wajen giram 10. A wurin mai ƙidayar kalori kawai, waɗannan biyu kusan duk ɗaya ne. A wurin jiki kuwa tazarar da ke tsakaninsu babba ce, domin wanda ya ci shinkafa zalla yunwa za ta dawo masa da wuri, wanda ya ci wake kuma zai daɗe da ƙoshi. Kazalika kwalbar lemo ɗaya mai ɗaukar santilita 35 tana da kalori kusan 150, daidai da dafaffen ƙwai biyu, amma ban da ruwa da sukari babu abin da za ta bar wa jiki.

Furotin shi ne abin da aka fi sani da abinci mai gina jiki. Da shi ake gina tsoka da jini da fata, da shi ne kuma jiki ke gyara abin da ya lalace. Yammacin Afirka ya san illar rashinsa tun da daɗewa, domin a ƙasar Gana ne wata likitar yara, Cicely Williams, ta bayyana cutar kwashiyoko a cikin shekarun 1930, kuma daga harshen mutanen Ga ta ɗauko sunan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka fitar a shekarar 2007, an ƙayyade cewa baligi lafiyayye yana bukatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Ke nan mai kilo 70 yana bukatar kimanin giram 58, mai kilo 60 kuma kimanin giram 50.

Abin lura a nan shi ne, wannan bukata ba ta raguwa don mutum ya rage abinci. Wanda ya raba kwanonsa biyu, ya ci rabi ya bar rabi, ya rage tuwo, amma ya rage wake da nama da nono su ma. Idan furotin ya gaza, jiki yakan koma ya ci tsokarsa tare da kitsen da ake so a ƙone. Sikeli zai nuna an sauka, mutum ya yi murna, alhali ƙarfinsa ne ke tafiya. Wannan ya fi zama haɗari ga dattawa, waɗanda dama tsokarsu ke raguwa da shekaru. Bugu da ƙari, furotin ya fi sitaci da mai riƙe ciki, saboda haka wanda ya rage shi ya ƙara wa kansa yunwa, kuma yunwa takan karya masu niyyar rage ƙiba.

Abu na biyu shi ne harza, wadda likitoci ke kira fayba, watau ɓangaren tsiro da ciki ba ya iya narkarwa. Ana samunta a dusar hatsi, da ɓawon wake, da ganyaye, da 'ya'yan itatuwa. Nama da kifi da ƙwai da nono ba su da ita ko kaɗan. Amfaninta yana da yawa: tana cika ciki ba tare da ƙara kalori mai yawa ba, tana sassauta shigar sukari cikin jini, tana rage kitsen jini, tana kuma sauƙaƙa bayan gida. Wani likita mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, shi ne ya yi fice wajen jawo hankalin duniya a kan wannan a shekarun 1970, bayan ya lura cewa cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba su cika samun mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya sami aƙalla giram 25 na harza a yini daga abinci, ya kuma ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa.

Abin takaici shi ne, abincin da Burkitt ya yaba shi ne mutanen birni ke gudu a yau. An bar tuwon dawa da na gero an koma farar shinkafa da taliya da burodi da garin kanti. Ko a gidan da ake tuƙa dawa, sai an surfe ta tas, an kwashe dusa an ba dabbobi, watau akuya ta ci mai amfani, mai gida ya ci sauran. Kwaɗon zogale da na rama, da dambu, da fate, da miyar kuka da ta kuɓewa da ta karkashi, duk wasu na yi musu kallon abincin ƙauye. Mai ƙidayar kalori kuwa, da ya ji an ce sitaci ne ke sa ƙiba, sai ya yi watsi da gero da dawa da acca gaba ɗaya, ya rasa ɗan abin da ya rage masa na harza, ya gamu da taurin bayan gida da basir.

Abu na uku, wanda kuma ya fi sauran ɓoyewa, shi ne gishiri. Gishiri ba shi da kalori ko guda, don haka ba ya bayyana a lissafin mai ƙidaya, ko da ya zuba cokali goma. Kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri wani sinadari ne da ake kira sodiyam. Jiki yana bukatarsa kaɗan, amma idan ya yi yawa sai ya riƙe ruwa a cikin jijiyoyi, jini ya ƙara yawa, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, ƙoda kuma ta wahala. Daga nan ne hawan jini ke samun gindin zama, kuma shi ne ke jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da mutuwar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, watau ƙasa da giram 5 na gishiri, wanda bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Amma a rahotonta na 2023 ta nuna cewa matsakaicin abin da mutumin duniya ke ci ya kai giram 10.8, ninki biyu har da ɗori, kuma ta danganta mutuwar mutane kusan miliyan 1.9 kowace shekara da yawan cin sodiyam. A Nijeriya kuwa, kusan ɗaya cikin kowane baligai uku yana da hawan jini, da yawansu kuma ba su sani ba, domin cuta ce da ba ta yin sallama.

A zamanin da ayarin raƙuma ke keta Sahara daga Bilma da Fachi su kawo kantun gishiri Agadas da Kano, gishiri kaya ne mai daraja, ana tattalinsa. Yau ya zama mafi araha a cikin kayan miya, kuma yana shiga tukunya ta ƙofofi da yawa. Kusan rabin nauyin ɗunkulen ɗanɗano gishiri ne, amma sai a jefa huɗu ko biyar a miya, a bi da garin ɗanɗano, sa'an nan a zuba gishiri kamar ba a sa komai ba. Yajin tsire da na kilishi da na ɗanwake duk da gishiri da ɗunkule ake daka su. Kifin gwangwani da naman gwangwani da burodi duk suna ɗauke da nasu. Ƙunshi ɗaya na taliyar leda, tare da garin da ke cikinsa, yakan cinye kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da aka yarda wa mutum na yini guda. Hatta kanwa da ake jefawa a wake da ɗanwake da miyar yauƙi, ko da yake harshe ba ya jin ta kamar gishiri, jikinta sodiyam ne.

To, a nan ne wuyar aikin take, domin waɗannan abubuwa suna jan juna. Wanda ya nemi furotin cikin sauƙi yakan tsaya wurin mai tsire, ko ya sayi kilishi, ko ya buɗe gwangwanin kifi: ya sami furotin, amma ya kwashi gishiri, kuma bai sami harza ba. Wanda ya janye mai daga miya don rage kalori sai ya ji ta yi lami, ya rama da ƙarin ɗunkule. Wanda ya koma ga gyaɗa ya sami furotin da harza, amma giram 100 nata yana da kalori sama da 560, don haka ƙwarya guda a gaban talabijin ta isa ta rushe lissafin yini. Wanda ya zaɓi wake da waken suya ya yi daidai, amma idan ƙosai ne ko soyayyar awara, man da suka sha ya ƙara musu kalori ƙwarai, tun da babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Irin wannan ne Hausawa ke cewa an gudu gara an faɗa wa zago.

Mafita tana nan a cikin rumbu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma wake abinci ne da ya haɗa furotin da harza, sodiyam ɗinsa kaɗan ne ƙwarai in ba wanda aka zuba masa ba. Ga wani misali na abincin yini guda, a ƙiyasce: busasshen wake giram 100, da gero marar surfe giram 150, da dafaffen ƙwai biyu, da kofi ɗaya na kindirmo marar sukari, da gyaɗa cikin tafin hannu kamar giram 30, da ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400, da mai babban cokali biyu. Jimillar wannan kalori kusan 1,800 ce, da furotin sama da giram 60, da harza sama da giram 25, kuma babu ko tsokar nama a ciki. Sodiyam ɗin da ke cikin waɗannan kaya tun asali kaɗan ne ainun. Saboda haka sauran al'amarin yana hannun mai girki: a ɗebi abin da bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba ga kowane baligi da safe, a lissafa ɗunkule a cikinsa, idan ya ƙare shi ke nan sai gobe.

Daɗin abinci kuma ba zai tafi ba. Albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da masoro da tattasai da tsamiya da lemon tsami duk suna ba miya armashi. Daddawa, wadda ɗunkule ya kora daga gidaje da yawa, tana ba da ƙanshi har da furotin, muddin ba a cika mata gishiri wurin yi ba. A jiƙa wake tun dare domin ya nuna da wuri ba tare da kanwa ba. A fifita alala da dafaffen wake a kan ƙosai, gasasshen kifi a kan soyayye. An tabbatar kuma cewa harshe yakan saba, domin wanda ya rage gishiri sannu a hankali, cikin makonni kaɗan zuwa wata biyu ko uku, zai ji abincin da ya saba ci da ya yi masa zartsi. Harza ma a ƙara ta kaɗan-kaɗan tare da shan ruwa sosai, don gudun kumburin ciki.

Wanda zai sayi abincin kanti ya koyi karanta abin da aka rubuta a jikin leda. Yawancin kamfanoni sodiyam suke rubutawa, ba gishiri ba, kuma ƙaramin adadin yakan ruɗi mai saye. A ninka sodiyam sau biyu da rabi, shi ne yawan gishirin: miligiram 800 na sodiyam daidai yake da giram 2 na gishiri. A kuma duba ko adadin na dukan ƙunshin ne ko na wani yanki ne nasa, domin sau da yawa abin da mutum ke cinyewa a zama ɗaya kamfani ya lissafa shi a matsayin ci biyu ko uku.

Wajibi ne kuma a yi gargaɗi, don kada gyara ya zama ɓarna. Mai ciwon ƙoda ba ya ƙara furotin sai da izinin likita. Akwai wani gishiri da aka rage masa sodiyam aka maye da fotasiyam, wanda wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, aka buga a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2025. Amma shi ma haɗari ne ga mai ciwon ƙoda. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yara masu tasowa, ba su ne masu rage kalori ba. Mai ciwon sukari da ke kan allura ko ƙwaya kada ya rage abinci da kansa, don sukarinsa yana iya faɗuwa. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa magani ne mai ceton rai, ba ya cikin wannan magana. Haka nan ɗan gishirin da za a ci ya zama mai ayodin, wanda aka wajabta a Nijeriya tun 1993 don yaƙi da maƙoƙo.

Tarihin wasu ƙasashe ya nuna cewa wa'azi ga mai girki kaɗai ba ya wadatarwa. Finlan ta fara yaƙi da ciwon zuciya a lardin Kareliya ta Arewa a 1972, daga baya ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin abinci mai yawan gishiri. Ingila ta sa masu burodi da sauran kamfanoni suka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, har matsakaicin abin da mutum ke ci ya sauko daga giram 9.5 a 2003 zuwa giram 8.1 a 2011, ba tare da masu saye sun ji bambanci ba. Afirka ta Kudu ta kafa doka a 2013 wadda ta ƙayyade iyakar sodiyam a burodi da ɗunkule da taliyar leda da naman kanti, ta fara aiki a 2016. A wannan shekarar ce kuma ƙasar Cile ta fara manna baƙin tambari a gaban duk abincin da gishirinsa ko sukarinsa ko kitsensa ya wuce kima.

Wani zai ce wannan magana ce ta ƙosassu, a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Gaskiya ne yunwa ita ce babbar damuwar mafi yawan gidaje. Amma tushen matsalar ɗaya ne. Lokacin da nama da kifi da ƙwai suka gagari talaka, sitaci yake cika tukunya da shi, ya nemi ɗanɗano a wurin ɗunkule. A gida ɗaya sai a tarar da yaro marar isasshen furotin da uwa mai hawan jini. Saboda haka arahar wake da waken suya da gero magani ce ga ƙosasshe da mayunwaci baki ɗaya.

Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta mai da ƙa'idojin 2025 doka mai haƙora, hukumar NAFDAC ta sa wa masu ɗunkule da burodi da taliyar leda iyaka da wa'adi, ta kuma tabbatar an rubuta yawan gishiri a gaban ƙunshi da alamar da ko wanda bai yi boko ba zai gane. Gwamnatocin jihohi su sa awon jini ya zama kyauta a kowane ƙaramin asibiti, su kuma duba abin da ake dafa wa ɗalibai a makarantun kwana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'o'i su ɗauki jadawalin sinadaran abincin Yammacin Afirka da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fitar a 2012 ta sabunta a 2019, su mai da shi ma'aunin da aka sani, watau malmala da ludayi da gwangwani da mudu, su fassara shi cikin harsunan ƙasa, tun da yawancin manhajojin waya da abincin Turawa aka gina su. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar IITA su ci gaba da samar da irin wake mai yawan yabanya, a kuma taimaki manoma da hanyar adana shi ba tare da guba ba. Gidajen rediyo su kai saƙon ga matan gida da masu sayar da abinci a tasha da kasuwa, domin a hannunsu cokalin yake.

Shi kuwa mai ƙidayar kalori, ya ci gaba da lissafinsa, amma ya ƙara layi uku a takardarsa: furotin gwargwadon nauyinsa, harza giram 25, gishiri ƙasa da giram 5. Ya kuma riƙa zuwa awon jini a kai a kai, domin sikeli nauyi kawai yake nunawa. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin mudun wake bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.